Bulon Roba a Kasuwar Gwanjo: Wasa Ne Ko Jari?

(Sautin ƙananan robobi ana juya su a cikin kwano)

Wannan ƙarar da kuka ji, wasu 'yan bulullukan roba ne na zubo a kwano na taho da su ɗakin shiri. Akwai ja, akwai shuɗi, akwai ruwan ɗorawa, akwai fari. Kowanne da 'yan maɓallai jere a bayansa, cikinsa kuma da rami. Ka ɗora wannan a kan wancan ka danna, sai su kama juna gam. Da su yaro ke gina gida ko mota ko masallaci, in ya gaji ya rushe ya tayar da wani. Sunan da duniya ta san su da shi LEGO.

Abin da ya jawo maganarsu yau, wani matashi ne ya tare ni bayan La'asar wajen Ƙofar Ƙwaya, waya a hannu, jiki na rawa. Ya nuna mini bidiyon wani Bature yana bayanin cewa wanda ya sayi waɗannan kayan wasa ya ɓoye, ya fi wanda ya sayi zinariya cin riba. Sai ya ce da ni, "Baba, in sayar da babur ɗina in zuba a ciki?" Na ce masa, "Yaro, mayar da makullinka aljihu tukuna, ka kama rediyo ranar shiri." To, in kana saurare, ga amsarka. Sauran jama'a kuma ku matso, domin maganar ta shafi duk mai 'yan kuɗi a hannu yana neman inda zai sa su.

Baturen nan bai yi ƙarya ba. Sai dai gaskiyarsa ta garinsu ce, kuma kafin ta iso Katsina ta sha hanya.

Mu fara da asalin abin. A wani ƙaramin gari mai suna Billund a ƙasar Denmak, an yi wani kafinta, Ole Kirk Christiansen. Da kasuwa ta mutu a duniya a farkon shekarun 1930, aikin gini da na kujeru ya tsaya masa, sai a 1932 ya koma sassaƙa kayan wasan yara na katako. A 1934 ya raɗa wa sana'ar suna LEGO, daga kalmomi biyu na harshensu masu nufin "yi wasa da kyau". Gobara ta cinye masa wurin aiki a 1942, ya sake tayarwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya sayi injin narka roba, kuma a 1949 bulon roba na farko ya fito. Amma wancan bulo ba ya riƙe ɗan'uwansa sosai, gini kaɗan ya tashi sai ya zube. Ɗansa Godtfred ne ya yi rajistar gyaran da ya sauya komai, ranar 28 ga Janairu, 1958: aka sa wasu 'yan bututu a cikin ramin bulon, yadda maɓallan na ƙasa za su matse a tsakaninsu. Da wata gobarar ta ci rumbun kayan katako a 1960, sai suka bar katako gaba ɗaya.

Ku riƙe wannan shekara ta 1958, domin duk cinikin da za mu yi magana a kai, a kanta ya tsaya. Tun daga lokacin ba a sauya awon bulon ba. Wanda aka yi zamanin Sardauna yana Firimiya, in ka same shi yau, zai hau kan wanda aka yi bana ya zauna daram. Maginanmu na gargajiya sun san tubali, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya, amma tubali sai da kwaɓaɓɓiyar ƙasa yake kama ɗan'uwansa, kuma in aka rushe gini ya tafi ke nan. Wannan kuwa ba ya son ƙasa, ba ya son siminti, a rushe shi sau dubu yana nan. Wani masanin lissafi ɗan Denmak ya ƙididdige cewa bulo shida kacal, masu maɓalli takwas-takwas, ana iya haɗa su ta hanyoyi sama da miliyan 915. Kuma tun 1963 ake yin su da wata roba mai tauri da ake kira ABS, wadda ba ta saurin lalacewa. A watan Fabrairun 1997 igiyar ruwa ta kwashe kwantenoni daga wani jirgin dakon kaya mai suna Tokio Express a gaɓar Ingila, ɗaya na ɗauke da guntayen LEGO kusan miliyan biyar. Shekaru sama da ashirin bayan haka mutane na ci gaba da tsintarsu a bakin teku. Abin da teku bai cinye ba, hannun yaro ɗaya ba zai ƙarar da shi ba. Shi ya sa na hannu yake da daraja.

To ina maganar riba ta fito? Kamfanin na fitar da kayansa saiti-saiti, kowane saiti da kwalinsa da lambarsa da littafin da ke nuna yadda za a haɗa. Saiti ya yi shekara biyu ko uku a kanti, sai a daina buga shi. Wanda bai samu ba lokacin, ko wanda ya yi wasa da shi yana yaro yanzu ya girma ya yi kuɗi yana begensa, dole ya nema a hannun wanda ya ajiye. Wasu masu bincike biyu a wata babbar jami'ar nazarin tattalin arziki da ke Mosko, Victoria Dobrynskaya da Julia Kishilova, sun bi farashin saiti 2,322 da aka fitar tsakanin 1987 da 2015. Suka gano cewa in aka haɗa duka aka raba, farashin na hawa da kimanin kashi 11 cikin ɗari a shekara. Daga nan kanun labarai suka ɗauka, wai ya fi zinariya.

Amma a cikin binciken nan dai, akwai saitin da ya ninka kuɗinsa sau da yawa, akwai kuma wanda ya faɗi da rabi. Sannan sababbi dal suke magana a kai, waɗanda ba a taɓa ɓare kwalinsu ba. Mai bidiyo bai tsaya nan ba, ya wuce da sauri.

Ga wani labari da masu wannan harka ba sa mantawa. A 2007 kamfanin ya fitar da wani ƙaton jirgi na cikin fim ɗin Star Wars, ana ce masa Millennium Falcon, guntaye sama da 5,000, a kan dala 500. Da aka daina yin sa, farashi ya yi ta hawa har ana sayar da wanda ba a buɗe ba a kan dala 3,000 zuwa sama. Mutane suka saya da tsada suka kulle a ɗaki suna jiran ya ƙara. Kwatsam a 2017 kamfanin ya fito da sabo, wanda ya fi girma, ya fi kyau, guntaye 7,541, a kan dala 800. Farashin tsohon ya rikito. A shekarar dai aka sake buga saitin ginin Taj Mahal na Indiya, wanda aka fara fitarwa a 2008, shi ma masu ɓoyonsa suka ji a jikinsu. Wato ƙarancin da kake taƙama da shi, makullinsa na hannun mai injin. Ranar da ya ga dama ya kunna.

Iyayenmu mata, ku wannan ba baƙon labari ba ne a wurinku. Ku tuna zamanin jeren kwano. Uwa na tara kwalla da fanteka da samira da tasoshi tun yarinya na talla, ɗaya bayan ɗaya, har ranar da za a kai ta ɗaki a jera mata su bango guda. Ado ne, kuma asusu ne: ranar da buƙata ta taso, a zare saiti ɗaya a miƙa wa dillaliya, kafin Magariba kuɗi sun shigo. Abin ya yi aiki shekaru da yawa saboda kowace mace a unguwa na son irinsa, mai saye na bayan katanga. Da yayi ya juya, tangaran ya shigo, kuloli suka biyo, wadda ta tara kwalla ta wayi gari da kayanta lafiya lau, ko ƙwarzane babu, amma ba mai tayawa. Kwanon bai canza ba, masu sonsa ne suka tafi.

Wannan ita ce tambayar da nake so matashin nan ya yi wa kansa: in na sayi saiti na dala ɗari biyu na ajiye a Katsina, wa zan sayar wa? Mai kiwon rago ya san ranar kasuwarsa, Layya na zuwa ko ana so ko ba a so. Mai ajiyar gero da wake ya san bazara za ta yi, rumbuna za su yi ƙasa. Kai kuwa mai sonka na Jamus ko Amurka ko Japan. Akwai kasuwarsu ta intanet, BrickLink, wadda aka kafa a 2000, kamfanin LEGO da kansa ya saye ta a 2019, ga kuma eBay. Amma ka lissafa kuɗin aika ƙaton kwali daga nan zuwa Turai, ka lissafa ladan kasuwar, ka lissafa wahalar karɓar kuɗin, tunda PayPal ta yi shekaru tana barin ɗan Najeriya ya biya amma ba ta barinsa ya karɓa. Sannan ka sa kanka a matsayin Bajamushen: ga mai sayarwa a garin da ke kusa da shi, ga wani a nahiyar da bai taɓa zuwa ba. Wa zai zaɓa?

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja. Zai ce kaya ne da ake yi wa farashi da dala, naira kuwa kullum zubewa take. Gaskiya ne. A 2015 dala ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin watan Yunin 2023 tana wajen 460, da aka sake ta, cikin 'yan watanni ta haura 1,500. Wanda ya riƙe abin da dala ke bi, ya tsira da wani abu. Amma tsirar ba ta tabbata sai ranar da ka sami wanda zai ba ka dalar, ko kwatankwacinta. Kafin wannan rana, kwali kawai kake da shi a saman kabad.

Kwalin ma sai ya rayu. Masu tara waɗannan kaya, kwalin suke saye tare da abin da ke ciki. Gefe ɗaya ya lotse, farashi ya sauka. To kai ka san garinmu. Watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin rufin kwano. Gam ɗin da aka liƙe kwali da shi ya saki, takardun mannawa su bushe, tayoyin roba su yi danƙo. Hunturu ya zo da ƙura mai shiga ko'ina. Damina ta zo da raɓa. Gara kuwa, ba ta san dala ba, ita dai ta ga kwali. Ga ɓera, ga kyankyaso. Wanda ya ce zai ajiye a shago, 'yan kasuwarmu ba su manta gobarar babbar kasuwar Katsina ta watan Maris na 2021 ba, Allah ya kiyaye gaba, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. A ce shekara biyar za ka yi kana gadin kwali daga duk waɗannan.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, kada ku ce na zo kashe kasuwa. Akwai abin samu a harkar nan, sai dai ba a inda mai bidiyo ya nuna ba. A ganina, rabon mutumin Katsina na cikin buhun gwanjo.

Gwanjon da muke sawa ya daɗe yana sauka a Kwatano da Lome, ya hauro Maraɗi, ya shigo ta Jibiya, wani kuma ya biyo ta Kano, inda Ƙofar Wambai ta yi suna a kansa. Tare da tufafi da takalma da jakunkuna, akan haɗo buhunan kayan wasan da yaran Turai suka girme wa: 'yar tsana mai hannu ɗaya, mota ba taya, jirgin da batirinsa ya mutu. A ƙasan irin wannan buhu ake samun bulon roba a warwatse, ya sha datti, ya gauraya da tarkace. Mai dila ba shi da lokacin tsince shi, sau da yawa ma bai san bambancinsa da sauran robobi ba. Wani lokaci a hannun 'yan jari-bola yake ƙarewa, a auna shi a kilo tare da fasassun bokitai a kai injin niƙa. Wanda ya san abin, ya tsince, ya wanke, ya jera, shi ya ƙara masa daraja da hannunsa. Wannan riba ce ta gumi da sani, ba ta zaman jira ba. Hanyar ma ba kullum take buɗe ba. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Saboda haka kada kowa ya ɗauke ta abin dogaron cefanen gida.

Abu na farko da za ka koya shi ne gane na ainihi. Ka ɗauki bulo ka kunna fitilar waya. A kan kowane maɓalli, komai ƙanƙantarsa, an rubuta LEGO. In ka juya cikinsa, yawanci za ka ga wasu 'yan lambobi ƙanana. Na ainihi gefensa a goge yake, babu tsiron roba, launinsa ɗaya ne ko'ina, in ka haɗa biyu za su kama ba tare da ka yi kokawa ba, in ka raba su rabu. Wanda ba shi da rubutun nan, na wani kamfani ne. Ba duka ne jabu ba, a lura. Haƙƙin mallakar ƙirar bulon ya ƙare tun tuni, akwai kamfanoni irin su Mega Bloks da Cobi da Sluban masu yin nasu da sunansu, halal ɗinsu. Jabu shi ne wanda ya kwafi saitin wani da kwalinsa da kamannin tambarinsa, irin kamfanin Lepin na ƙasar Sin da 'yan sanda suka kai wa samame a 2019, daga baya aka ɗaure shugabansa. Yaro zai yi wasa da kowanne ya ji daɗi. Amma farashinsu ba ɗaya ba ne, kuma ranar da ka gauraya su ka sayar da sunan na ainihi, ka sayar da sunanka ne a haɗe. Ware su tun a gindin buhu. Kada ka yarda a ɗaure maka leda a ce "duk irinsa ne a ciki", ba a cinikin biri a sama.

Sai wanki, inda nan ne mutane suka fi ɓata kayansu da kyakkyawar niyya.

Kafin ruwa ya taɓa komai, ka baje su a tabarma ka fitar da waɗanda ba sa son ruwa: duk mai waya ko ƙaramin inji ko gidan batir, duk wanda aka manna wa takarda mai hoto, da 'yan ƙyallaye. Waɗannan tsumma mai ɗan danshi ya ishe su. In ka tarar da tsohon batir a ciki, cire shi nan take ka jefar inda yaro ba zai kai ba, musamman 'yan ƙananan nan masu kama da kwabo, haɗiye su na iya kisa. Masu haske kamar gilashi, su ma ka ware su, domin in suka gogi sauran sai su dushe.

Ruwan kuma mai ɗumi-ɗumi ake so. Kamfanin LEGO da kansa ya ce kada ya wuce digiri 40. Hajiya, ba ruwan wankan jego ba. Ki sa gwiwar hannu, in kin ji daɗinsa to ya yi. Da bazara ma ba sai an ɗora a wuta ba, ruwan da ya wuni a baƙin tanki a rana yakan wuce haka, sai an sirka. Ruwan zafi na lanƙwasa bulo kaɗan yadda ido ba zai gani ba, amma ya daina kamawa, bulon da ba ya kamawa kuwa ya zama tsakuwa. A ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa, a jiƙa su su ɗan jima, sannan a bi lungunan da tsohon buroshin haƙori. Ban da soson ƙarfe, ban da toka da yashi irin na darzar tukunya. Ban da bilic. Ban da fetur da kalanzir da tina. Ruwan goge jan farce kuwa, narkar da robar yake yi ɗungurungum. Wajen ɗauraya a juye su a kwandon tsame taliya mai ƙananan huda, in ba haka ba 'yan ƙananan su bi rariya, alhali sau da yawa su ne masu wuyar samu. In ruwan rijiyarku na da zartsi, ɗaurayar ƙarshe a yi ta da ruwa mai daɗi, don kada ya bar musu farin tabo.

Shanya ita ce jarrabawar mutumin Katsina, domin mu komai rana muke ba. Wannan ban da shi. Rana ce ke mayar da farin bulo ruwan ɗorawa, ta kashe shuɗi da ruwan toka. A shimfiɗa tsohon zane a inuwa ko a ɗaki ƙarƙashin fanka, a baje su, a riƙa juyawa, domin ruwa na maƙalewa a cikin bututun nan ya kwana biyu bai fita ba. In aka ƙulle su a leda da danshi, wari za su yi. Da hunturu suna saurin bushewa, sai dai a lulluɓa musu tsohon gidan sauro saboda ƙura.

Wanda ya riga ya yi ruwan ɗorawa fa? Masu harkar na jiƙa shi a ruwan haidurojin, wannan na wanke ciwo da ake samu a kemis, a cikin roba mai haske, su ajiye a rana na wasu sa'o'i, sai ya yi fari. Nan kaɗai aka yarda rana ta gan shi. Yana aiki, amma sau da yawa launin na dawowa bayan wani lokaci, kuma in aka wuce gona da iri robar na yin gautsi. Ni dai ban cika son wannan dabara ba. Wanda ya yi, ya sa safar hannu, ya nisanta shi da yara, kuma ya faɗa wa mai saye. Haka nan a yi hankali da masu launin ƙasa-ƙasa da ja mai duhu na wasu shekarun baya, an san su da saurin tsagewa. Za kuma ka ga masu shatin haƙori, saboda yaran duniya duk ɗaya ne, in bulo ya ƙi rabuwa baki suke kai shi. Waɗannan a tara su gefe, na araha ne.

Bayan wanki sai jeri. Wanda bai sani ba launi-launi yake warewa, ja nan, shuɗi can. Ranar da zai nemi ƙaramin ja guda ɗaya a cikin jajaye dubu, sai ya gane kurensa. Ware su bisa siffa da girma, launi ido zai tsinto da kansa. Robobin man shanu da gwangwanayen madara da aka wanke sun isa. In ka lura wasu guntaye kamar na gida ɗaya ne, ƙila saiti guda ne ya watse a buhun. Ka nemi lambarsa. Kamfanin ya sa littattafan haɗawa kyauta a shafinsa na intanet, BrickLink kuma na nuna jerin duk abin da ke cikin kowane saiti, da farashin da aka saya a watanni shida da suka wuce. Wannan farashin za ka duba, na abin da aka biya, ba na abin da wani ya rubuta yana fata ba. Kowa na iya sa wa akuyarsa kuɗin sa.

Ga wani abin da zai ba ku mamaki. Mafi tsada a cikin tarin nan sau da yawa su ne 'yan mutum-mutumin nan masu rawayan kai, waɗanda aka fara yi a 1978. Wani guda ɗaya, in na wani fitaccen fim ne kuma ba a buga shi da yawa ba, ya fi kwano cike da bulo kuɗi. A nan gida kuwa akwai iyayen da ba sa son a kai musu mai siffar mutum cikin gida, su bulon zalla suke so. Ka girmama ra'ayinsu. Ka cire, ka tara a gwangwani daban, ka duba kowanne a intanet. Su ne ma ba su da nauyi, su ne aika su Legas ko Abuja ba zai ci ribar ba.

Masu sayen bulon zalla suna nan kusa da kai, in ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Makarantun rainon yara da firamare masu zaman kansu sun yawaita a birni, kuma suna son abin da yaro zai koyi ƙirga da launi da haƙuri da shi. Su manyan bulon nan ne suka fi dacewa da su, waɗanda ake kira Duplo, da aka fara yi a 1969, ninki biyu na ƙaramin a tsawo da faɗi da tsayi, yadda ba zai shige maƙogwaro ba. Ƙananan kuwa, kada a ba yaron da bai kai shekara uku ba, kuma wannan kai mai sayarwa ne za ka faɗa tun ba a tambaye ka ba. Akwai iyaye ma'aikata da malaman Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Al-Qalam da Kwalejin Hassan Usman, masu neman abin da zai raba yaro da waya. Akwai masu koya wa yara haɗa na'urori, su kuma masu haƙoran inji da sanduna suke nema, nau'in da ake kira Technic; har gasa ake yi ta ɗalibai da irin waɗannan kaya, FIRST LEGO League, kuma ana yin ta a Najeriya. Ka ɗaura su leda-leda, ka rubuta adadi. In kana da hannu, ka gina Hasumiyar Gobarau ko Ƙofar Soro da masu launin ƙasa, ka ɗauki hoto ka sa a WhatsApp. Bakatsine zai tsaya ya kalli wannan fiye da jirgin fim ɗin da bai taɓa gani ba. In na nesa ne ya saya, sai ka ga kuɗi sun zauna a asusunka kafin ka kai wa direba a tasha, alat na bogi ya yi yawa.

Malamanmu sun karantar da mu cewa bayyana aibin kaya wajibi ne a kan mai sayarwa. A wannan sana'a aibin ƙanana ne, shi ya sa ɓoye shi ke da sauƙi: guntu uku sun ɓace a cikin ɗari huɗu, ko an cike gurbi da na wani kamfani. Mai saye ba zai gani ba sai yaronsa ya kai shafi na talatin ya tsaya yana kuka. Faɗa masa tun farko. Wanda kuma Allah ya buɗa wa har jarin ya kai nisabi, ya tuna kayan ciniki ne, akwai zakka. A mazhabarmu ta Malikiyya ma an bambanta hukuncin mai juya kaya kullum da na mai ajiyewa yana jiran farashi, sai ya je ga malaminsa ya faɗi wanne ne shi.

Ka kuma sami ɗan littafi. Abin da ka saya, kuɗin mota, sabulu, leda, data, duk ka rubuta. Har yinin da ka yi a tsugune kana tsinta ka yi masa kuɗi, domin masu sha'awar abu sun iya yaudarar kansu. Mutum ya kwana uku yana wanki, ya sami abin da bai kai kuɗin yini ɗaya a kan babur ba, yana murna ya ci riba. In don nishaɗi kake yi, kai da 'ya'yanka kuna zaune da daddare kuna gini, wannan wani lissafi ne daban, kuma ni ba ni da ta cewa. Mu da muka tashi da motar kara da ta gwangwani, muna yanka tsohon silifa muna yin taya, mun san daɗin abin da hannu ya ƙera.

Saboda haka, ɗana na Ƙofar Ƙwaya, ga abin da za ka yi. Ka ware kuɗin da in sun ɓace ba za ka kasa barci ba. Ka yi abota da mai gwanjon kayan wasa guda ɗaya, ka san ranar da yake fasa buhu, ka je da sassafe da fitilar wayarka. Kwano ɗaya za ka tsinta, kada ka ƙara. Ka wanke yadda na faɗa, ka jera, ka kai wa makarantu uku su gani. Ka rubuta ranar da ka saya da ranar da leda ta ƙarshe ta bar hannunka. In ka dawo mini da littafin nan, sai mu zauna mu yi maganar kwano na biyu. Babur kuwa gobe da safe ka fita aiki da shi.